Fulogin Alhaji Sabo yana ƙasan kogi

In faɗi gaskiya, ba hutu ne ya kai ni Miga ba. Abokina Alhaji Sabo, mai sana'ar kifi, shi ne ɗansa ya saya wa kwalekwale mai inji, ni kuwa nawa ɗan ko tayar keke bai taɓa aiko mini ba. Da ya gayyace ni yawon ruwa sai na amsa, na je in gano wa abin aibu.

Dutse zuwa Miga

Ana sallame asuba na fito da jakar sifanoni, don ni tsohon bakaniken babur ne. A Kiyawa na sha koko da ƙosai. Direban motarmu ya ga jakar ya ce, "Baba, gyara za a je?" Na ce, "Muna sa rai."

Kan ruwa

Da hantsi muka shiga. Jirgin shuɗi ne, har da rumfa da tabarma. Masunta suna ɗaga masa hannu, yana amsawa kamar mai neman ƙuri'a. Ya miƙo mini gasasshen kifi karfasa, na ci ban yaba ba.

"Malam Ado, ka ji muryar inji?"

"Na ji. Akwai ɗan tari a ciki." Babu wani tari.

Muna shiga wata kwana mai kacala, wannan doguwar ciyawar da ta cinye ruwan, inji ya yi gurnani ya mutu. Allah ya yafe mini, sanyi na ji a raina. Na ce kowa ya matsa.

Alhaji ya ce, "Bari a duba farfela tukuna."

Na ce, "Kai da kifi, ni da ƙarfe."

Na kwance fulogi, na hura, na goga a riga, sannan na jefa shi gefe kamar yadda na saba yi a gareji shekara da shekaru. A gareji gefe ƙasa ce. Nan ƙaramar ƙara kawai muka ji, culum.

Alhaji ya naɗe hannun riga, ya ɗaga injin, ya zare ciyawar da ta nannaɗe farfela. Ciwon ke nan gaba ɗaya. Sai dai inji ba ya tashi babu fulogi, don haka ya miƙo mini gorar tuƙi. Ni na tuƙa mu har gaɓa, masuntan ɗazu suna yi mini sannu da aiki, shi yana kishingiɗe a rumfa.

Komawa

Na kwana gidan Alhaji, kafaɗa kamar an daka. Da safe na cire fulogin babur ɗin maƙwabcinsa na gwada, bai shiga ba. Na yi alkawarin aiko sabo daga Dutse, kuma na aiko. Na iso gida bayan la'asar, na gode Allah, na gode wa iyalin Alhaji da suka haɗo ni da busasshen kifi.

Amma a tashar Miga, kafin mu taso, Alhaji yana rufe mini ƙofar mota, ya sunkuyo ya ce, "Ado, tun da ka zo ban ga haƙoranka ba sai da injin ya mutu. Da ka faɗa mini, ai da tun a gaɓa na kashe maka shi."