Ɗauki, Malam, Mun Ba Ka

Wata huɗu bayan an sallamo ni daga asibiti na koma filin golf. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da ni, amma Allah ya taƙaita. Bakina ya koma daidai, ƙafata ta daina ja, hannun dama ne kawai ya ƙi dawowa yadda na san shi. Ina riƙe cokali, ina sa hannu a takarda, sai dai in na ɗauki kofin shayi ba na jin nauyinsa, ko in fizgo shi ya zube, ko ya ƙi tashi daga tebur. Likita ya ce in riƙa tafiya, in kuma riƙa sa hannun aiki. Na ce masa ina da wurin da zan yi duka biyun.

Tun ina aikin duba makarantu nake buga golf. Wani abokina ne ya ja ni, ɗan kasuwa mai shagon atamfa a Kantin Kwari. Iyayensa daga Barno suka zo, amma a Fagge aka haife shi, layi biyu ne tsakanin gidansu da namu, kuma benci ɗaya muka zauna a firamare. Ina ce masa Alhaji, yana ce mini Malam. Duk Asabar da safe mu huɗu muke bugawa, ni da shi da wasu abokan kasuwancinsa biyu.

Ga wanda bai san wasan ba, ana dukan ƙwallo daga nesa har ta iso wata ciyawa da aka aske ƙasa-ƙasa kamar darduma, wadda muke ce wa girin. A cikinta akwai rami mai faɗin bakin kofi. A nan ba duka ake yi ba, turawa ake yi da wata sanda mai faffaɗan kai da ake kira fota, ƙwallon ta gangara a ƙasa. Saiti ba shi da wuya sosai. Wuyar tana wajen ƙarfi: ka tura kaɗan ta tsaya a hanya, ka ƙara kaɗan ta wuce ramin ta bar ka da wani aikin. Ramukan suna da yawa, ana bin su ɗaya bayan ɗaya. Kowane duka da kowane turi ana ƙirga maka shi, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Ni ban taɓa zama mai dogon duka ba, Alhaji yana wuce ni da nisa. Amma da mun hau girin, wuri ya zama nawa. Ina duban ramin sau ɗaya, hannuna ya san abin da zai yi.

Asabar ɗin da na koma, a rami na farko ƙwallona ta tsaya kamar taku goma daga ramin. Na gyara tsayuwa, na tura. Ta wuce ramin da gudu, ta fice daga girin ɗin gaba ɗaya. Na bi ta na sake turowa, wannan karon ta mutu a rabin hanya. Na uku ya bar ni da taku uku. Ina shirin na huɗu sai Alhaji ya sunkuya ya ɗauke ƙwallon ya miƙo mini.

“Ɗauki, Malam, mun ba ka.”

Akwai wannan al'ada tsakanin abokai. In ƙwallo ta tsaya dab da rami, kamar taƙi ɗaya, sai a ce ka ɗauka, a ƙirga maka kamar ta shiga. Taku uku kuwa ba wanda yake bayarwa. Balle Alhaji, mutumin da ya taɓa sa ni tura ƙwallon da ke leƙen rami, wai shi bai ga ta faɗa ba. Na karɓa. Na ce a raina ranar farko ce.

Ba ta tsaya a ranar farko ba. Asabar ta biyu aka ba ni taku huɗu. Ta uku har biyar. Kafin in gama gyara ƙafa wani ya riga ya ce, “Ai wannan ta shiga, Malam.” In na tura ta wuce, sai su dubi sama, ko ɗaya ya ce iska ce, alhali ganye ko ɗaya ba ya motsi. Mutanen da muka shekara muna yi wa juna dariyar mugun turi, yanzu sun koma yi mini sannu. Wannan sannun ita ta fi ƙona mini rai. A gida ana yi mini ita, a masallaci ana yi mini ita, na gudo nan ma ta biyo ni.

Na fara gwaji a gida. Na sa aka fito da tsohuwar dardumar falo aka shimfiɗa a baranda, na kwantar da kofin silba a ƙarshenta. Bayan sallar asuba in yi ta turi har rana ta fito. Matata Hajiya ta yi magana ranar da ƙwallon ta wuce kofin ta shiga kicin ta fasa mata murfin tangaran, na ce mata a sayi wani. Ba ta sake magana ba, ta dai riƙa rufe ƙofar.

Sati biyu ban ga canji ba, sai na ɗauki sandar na kai Sabon Gari. Akwai wani dattijo a can, mutumin kudu, da ke gyaran kayan wasanni a wani ɗan shago bayan masu sayar da kayan mota. Ya daɗe a Kano, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Na ce masa mariƙin sandar nake so ya canza. Ya ce in riƙe ya gani. Na riƙe, na tura wata tsohuwar ƙwallo a kan simintin shagon. Ya kama yatsuna na dama ya matsa ɗaya bayan ɗaya.

“Wannan hannu ya tafi hutu,” in ji shi. “Kada ka jira shi. Wataƙila ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba.”

Tun da na kwanta ba wanda ya yi mini magana haka. Na ce, “To yaya zan yi?”

Ya sa wa sandar mariƙi mai kauri yadda yatsu ba za su iya murza ta ba. Ya ce in bar hannun dama ya rataya kawai, kafaɗu su yi lilo da sandar. Tunda hannun ya daina gaya mini ƙarfi, sai in auna da ido: in ja sandar baya zuwa babban yatsan ƙafata, in ga taku nawa ƙwallon za ta yi, in ja ta wuce ƙafar, in sake gani. Gudun lilon kada ya canza, tsawonsa ne kawai zai canza. Na koma gida na yi wa darduma layuka da alli, kamar ɗan aji ɗaya.

Asabar ɗin da ta biyo baya na ci wasa. An ba ni wasu, na sani, amma na jefa biyu masu nisa da kaina, Alhaji kuma ya zubar da gajeru har uku a ramukan ƙarshe. Suka tafa mini. Na dawo gida na ba Hajiya labari rami bayan rami, na kira ƙanena da ke Kaduna na ce masa na dawo. Ranar har tuwo na ƙara.

Ranar Juma'a babbar 'yata ta zo, kamar yadda ta saba bayan ta tashi daga makarantar da take koyarwa. Ta same ni a baranda da sanda. Ta tsaya tana kallo, tana murmushi.

“Baba, ka ga yadda ka warware? Wallahi Baba Alhaji ya kyauta. Da na je shagonsa na roƙe shi ban zaci zai yi har haka ba.”

Na ɗago. “Kika roƙe shi me?”

Ta gane ta yi suɓul da baka, amma ba ta iya ƙarya ba tun tana ƙarama. Ta ce ranar da ta raka ni wajen likita ya gaya mata kada a bar raina ya ɓaci, jinina zai hau. Shi ne ta je ta ce su riƙa sassauta mini. Na ce wannan na gani da idona, sai me kuma? Ta hau gyara mayafinta. Na ce sai me kuma? Ta ce Alhaji ya kira ta ranar Asabar yana dariya, ya ce yau sun bar Malam ya ci, har sai da ya yi dabara kafin ya zubar da nasa kada in gane.

Na ajiye sandar a hankali, don na san in ban ajiye ba jifa zan yi da ita.

“Wa ya aike ki?”

“Baba, lafiyarka nake...”

“Na ce wa ya aike ki? Kin ɗauki mayafi kin ratsa Kwari kin je kin gaya wa abokina ubanki ya zama abin lallashi? Na kira baffanki a Kaduna ina yi masa alfahari. Kin san haka?”

Ta fara hawaye. Hajiya ta fito ta ce in yi haƙuri, yarinya ce. Na ce mai 'ya'ya uku ba yarinya ba ce. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Sai da na zauna na tuna fuskar Alhaji lokacin da ya zubar da turin ƙarshe, yadda ya dafe kai ya ce kash. Har haƙuri na ba shi.

Washegari Alhaji ya zo ɗaukata kamar kullum. Muka gaisa sama-sama, muka kama hanya. An yi ruwa da asuba, ciyawa ta jiƙe, ƙwallo ba ta gudu. A rami na farko turina ya tsaya taku huɗu kafin ramin. Alhaji ya taho yana sunkuyawa.

“Kada ka taɓa ta.”

“Haba Malam, ai wannan...”

“Na ce kada ka taɓa.”

Ya ja da baya. Na tura, ta wuce. Na dawo da ita, ta tsaya a baki. Na sake, ta lashi gefen ramin ta fita. Sai a turi na biyar ta faɗa. Na ce wa mai riƙe da katin ƙirga ya rubuta tara, har da duka huɗun da suka kawo ni girin. Ya dubi Alhaji. Na ce ni zai duba, ni na buga, tara zai rubuta.

Haka muka yi rami biyar ba mai magana. 'Yan wasan da ke bayanmu suka taru suna jira, wani har ya ɗaga hannu yana tambayar ko lafiya. A na shida Alhaji ya kasa daurewa.

“Malam, wai me aka yi maka ne?”

“Kai za ka gaya mini. Nawa ka zubar da gangan makon jiya?”

Sauran biyun suka sami abin kallo a cikin jakunkunansu. Alhaji ya cire hula ya share goshi.

“Yarinyar nan ta zo shago tana kuka. Me kake so in ce mata?”

“Ka ce mata ta je ta tambayi ubanta. Ka san gidana tun ba a sa masa ƙofar ƙarfe ba.”

“Ni na gan ka a gadon asibiti, bakinka a karkace, ba ka iya kiran sunana. Kai ba ka ga kanka ba. Na fita na zauna a mota na kasa tayar da ita.”

Na san gaskiya ya faɗa, amma ba ta rage mini komai ba. Na ce, “To ka ji tausayina a asibiti, na gode. Nan ba asibiti ba ne. Ka mayar da ni abin dariya, ka kira 'yata kuna yi tare.”

“Ba dariyar mugunta ba ce.”

“Ni ban ji daɗinta ba.”

Ya mayar da hularsa. Shi ma ransa ya ɓaci, na gani a wuyansa. Ya ce, “Shi ke nan. Wallahi ko a bakin rami take sai ka tura.”

Ya cika alkawari. Ya buga wasan da ban taɓa ganin ya buga ba, ni kuma na zo na ƙarshe da tazarar da ba na son tunawa. Dogayen turina ba su yi muni ba, awon da dattijon nan ya koya mini ya riƙa kawo ni kusa. Gajerun ne suka kashe ni, inda hannun yake zabura shi kaɗai. Da aka tashi ya buɗe mini ƙofar mota, na ce ya tafi. Na tari ɗan sahu, na rungume jakar sanduna a ƙirji, muka shiga cunkoson shataletalen Bata, kawunan sandunan suna leƙe waje, masu talla suna kallona. Mun fi rabin awa a wurin, raina bai huce ba.

Na yi wata guda ba na zuwa ranar Asabar. Ina zuwa Talata da Alhamis ni kaɗai, in yi awa a girin ɗin gwaji, taku biyar, taku goma, taku goma sha biyar. Daga baya na koma cikinsu, don wasan mutum ɗaya ba daɗi. Ba mu sake tayar da zancen ba. Har yau ban ci ko sau ɗaya ba, na biyu ne mafi kyawun da na yi, kuma ranar ɗaya daga cikinsu ciwon baya yake yi.

'Yata ta yi Juma'a biyu ba ta zo ba. A ta uku ta zo da yaranta, ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa. Na jira ta ba ni haƙuri, ba ta bayar ba. Da za ta tafi na raka ta bakin ƙofa, na ce, “Har yanzu ba ki ce komai ba.”

Ta gyara goyon ƙaramin ta ce, “Baba, ka yafe mini ɓacin ran da na sa ka. Amma in aka sake kwantar da kai, zan sake zuwa shagon.”

Na ce ta gaida mijinta. Na koma ciki na ce wa Hajiya daga yau in zan ga likita ni kaɗai zan shiga.