Buhun Tarkacen Malama Hajo

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙawata, Malama Hajo. Tare muka tashi a Maiyama, tare muka koyar a wata firamare da ke gefen gari. Da aka ba ni shugabancin makarantar, ita sai ta zaɓi ajin 'yan shekara uku, ajin da kowane malami ke gudu.

Ba a taɓa aiko mana da kayan wasa ba, don haka Hajo ta riƙa tsinto nata. Duk ranar kasuwar Jega takan dawo da buhu cike da gwangwanayen madara, marafan kwalba, totuwar masara da ƙyallayen da teloli suka zubar. Ta wanke su tas, ta zube a tabarma, ta koma gefe. Na taɓa ganin wata yarinya ta kwashe rabin safiya tana juye yashi daga babban gwangwani zuwa ƙarami, tana mamakin yadda yake malala. Na ce a tashe ta. Hajo ta ce, “Bar ta, Asabe. Lissahi taka yi.”

Iyaye ba su gan shi haka ba. Sun ce boko suka kawo 'ya'yansu, ba tonon bola ba, ga riguna kullum duƙun-duƙun. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji su. Suka yi ta sintiri a ofishina har na gaji. Wata Asabar, ba da saninta ba, na sa aka kwashe buhun aka zubar.

Ranar Litinin ta shiga aji, ta dubi kusurwar da buhun yake zama, ta fito ta same ni. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, “To, yanzu mi za su taɓa?” Sai ta koma aji. Ta ci gaba da koyarwa, yara a jere, hannu a naɗe, suna maimaita haruffa. Ba ta ƙara tayar da zancen ba, ni kuma kullum ina cewa sai gobe zan ba ta haƙuri. Ciwon kwana shida ya riga ni, ya tafi da ita. Da na sani ƙeya ce.

Yau jikata 'yar shekara uku tana zuwa wata makarantar kuɗi a Jega, da jakar da ke rinjayarta, har aikin gida ake ba ta. In ta dawo tana kuka, sai a miƙa mata waya. Bara kuwa, a wani taron malamai da aka gayyace ni bayan na yi ritaya, an bayyana mana sabuwar dabara: wai a bar yara su yi wasa da tarkacen gida. Mutane suka tafa. Ni ko hannu ban iya ɗagawa ba. Da Hajo na wurin, na san ba za ta yi gori ba. Tambaya za ta yi ko an wanke kayan.

Ba ta bar littafi ba, ba a sa wa ko aji ɗaya sunanta ba. Amma kwanan baya na kai ɗinki wurin wata mata a Aliero, hira ta kai mu Maiyama, ashe a makarantarmu ta fara. Ta manta fuskar malamarta, ta manta sunanta. Abin da ta riƙe ɗaya ne. “Wurinta kaɗai, Inna, ban taɓa jin an ce mini ‘bari’ ba.”

Na faɗa mata sunan, ta ɗaga hannu ta yi mata addu'a. Sai ta tambaye ni ko ni ma a ajin na koyar. Na ce a'a, ni a ofis nake.