Yadda Gara Ta Sa Cindo Karatu

Duk wanda ya taɓa tura moto, wato babur, zuwa bakin tashar Dakoro don gyara ya san Cindo. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga surutu, hannuwansa kuwa baƙi ƙirin da man inji tun daga farce har gwiwar hannu. Mijin yayata Hanatu ne, don haka ni Alheri ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma ina faɗi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu, ita ma ba ta kai kafaɗata ba.

Cindo ba ya tuna fuskar ubansa. Uban Kirista ne, mai haƙar rijiya, irin rijiyoyin nan na wajen Azagor da sai raƙumi ya yi tafiya mai nisa da igiya kafin guga ta fito. Sanƙarau ya ɗauke shi Cindo yana ɗan shekara biyar, kuma ko hoto bai bari ba. Ƙanen uban, Baffa Jimrau, musulmi mai sayar da hatsi, shi ya riƙe maraya. Abu ɗaya mamacin ya bari, Littafi Mai Tsarki na Hausa. Baffa Jimrau ya naɗe shi a farin ƙyalle, ya ɗinka masa gafaka ta fata irin wadda yake sa nasa Alƙur'anin, ya rataye. Ranar da Cindo ya isa mutum, Baffa ya sauko masa da shi.

"Ga littahin ubanka," in ji shi. "Ba addinina ba ne, amma sunan Allah na ciki. Kada ka kuskura ka taɓa shi da hannu mai dauɗa."

Cindo ya nemi mutanen ubansa har ya sami 'yar majami'armu, a ciki kuma ya sami Hanatu. Har yau ban san wanne ya fi jan sa ba. Ya yi baftisma, ya yi aure, ya zama na farko wajen share majami'a da ɗaukar benci. Amma gargaɗin Baffa ya shiga kansa ya zauna daram. Mutumin da sana'arsa baƙin mai, yaushe hannunsa zai tsarkaka? Ya wanke da kananzir, ya dirje da toka, ya bi da sabulu, ya duba ƙarƙashin farce ya ga baƙi, sai ya ce gobe. Shekara ashirin da uku gafakar nan tana rataye a azarar ɗakinsa ana jiran gobe. In zai fita da safe yakan ɗaga kai ya dube ta, ya ɗan rusuna, ya wuce. Ibadarsa ta gida ke nan kaf.

Ni ce na jawo rigimar, kuma ba na nadama. Wata Asabar a cikin bazara muna kakkaɓe ɗakin da Hanatu kafin ruwa ya sauka, tsintsiyata ta bugi gafakar. Sai jar ƙasa ta zubo mini a ka, shaa! Muka dubi juna. Gara ta bi azara, ta bi igiya, ta shiga ta yi gida.

Da aka kira shi daga tasha ya iso a guje, ko takalmi ɗaya babu. Hanatu ce ta kwance ƙyallen, shi yana tsaye da hannuwa a baya. Gara ta cinye bangon gaba, ta cinye halittar duniya, ta cinye Nuhu da jirginsa, da Musa da Fir'auna. Abin da ya rage ya manne wuri ɗaya da ƙasar gara, ga ramuka sun ratsa shi. Cindo ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin na yara, har da majina. Na tausaya masa ƙwarai, ko da yake bakina bai iya yin shiru ba.

"Mijinmu, ai gara ta hi ka karatu. Ita har ta kai zamanin sarakuna."

Bai ko kula ni ba. Ya ce da Hanatu, "Shi kaɗai gare ni na baba. In ta ida shi, mi ya rage mani?"

Hanatu mace ce mai sanyi, tana sayar da ƙosai a ƙofar gida. Ta shiga ta ɗauko nata littafin, wanda mai ya jiƙe har takardunsa suna ɗaukar ido, ta ajiye gabansa. Ta ce ɗaki ɗaya suke kwana da nasa, amma gara ba ta taɓa shi ba, don kullum ana ɗaga shi. In yana son ragowar na ubansa ya tsira, sai ya riƙa buɗe shi kowace safiya yana shan iska. In ya sake rataye shi, kafin kaka sai dai ya binne gafaka.

To, ta yaya za a buɗe littafi ba a taɓa shi ba? Nan makaniki ya nuna kansa. Ya sami sabuwar reza, ya fere tsinken tsintsiya, ya shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a kan turmi da ya kife. Washegari, da maƙwabta suka dawo daga sallar asuba gari ya yi haske, na leƙa ta katanga na gan shi durƙushe, harshe a waje, yana zura reza tsakanin takardu a hankali. Ya fi rabin awa kafin takarda ɗaya ta rabu. Ya juya ta da tsinke, ya hure ƙasar, ya miƙe zai tafi.

Hanatu tana daga bakin kasko ta ce, "Tun da ka buɗe, ba ka duba mi ke ciki?"

Aji huɗu ya yi a lekol, makarantar boko, karatunsa da ƙyar ne, yana bin baƙaƙe da tsinke yana motsa baki. Ya faɗa kan wani yaro makiyayi da aka aika ya kai wa yayyensa abinci a fagen yaƙi, ga wani ƙaton mutum yana cika baki. Labarin Dawuda ne, wanda kowane yaron majami'a ya sani, shi ma Cindo ya sha ji da kunne yana gyangyaɗi a benci. Amma daidai inda yaron ya sa hannu a jaka, takarda ta ƙare. Ta gaba tana manne, ga masu kabu-kabu suna jiransa a tasha.

Ranar nan ba wanda ya huta. Duk wanda ya kawo moto sai ya ji labarin ƙato da yaro. Da maraice ya so ya ɓare ta gaba, Hanatu ta hana, ta ce haske ya yi ƙasa, zai yaga. Kafin zakara ya yi cara na biyu ina jin sa yana kai da kawo a tsakar gida, yana jiran gari ya waye.

Haka abin ya kama shi. Takarda ɗaya kowace safiya, don reza ba ta yarda da gaggawa. Abin da ya fi ba ni dariya ramukan gara ne. Yana cikin karatu sai ya iske an cinye kalma biyu ko layi guda a tsakiyar magana. Hanatu ta ce ya duba nata ya cike, ya ƙi. Sai ya tafi aiki da ramin a kansa, yana kwance buji yana juya maganar: in da shi ne Allah, me zai ce wa Dawuda a nan? In da shi ne Dawuda fa? Da yamma ya dawo da amsarsa, Hanatu ta karanta masa ta gaskiya. Wata rana ya dace, ya yi ta tsalle yana cewa in ba shi hannu. Sau da yawa kuwa ya sha ƙasa, musamman inda ya yanke wa mutum hukunci ya tarar an yafe masa.

Fasto ya ji labari ya ce ai wannan shi ne bimbini a kan Magana, abin da ya shekara yana roƙon mu mu yi. Cindo ya ce shi bai san sunansa ba, shi dai rami yake cikewa.

Addu'a ita ta zo daga baya, kuma ta ƙofar baya ta shigo. Farko dai kafin ya sa reza yakan ce, "Ya Ubangiji, kada ta yage." Shi ke nan. Bayan wata guda sai na ji an ƙara, "Ka kuma hana ni zagin mai moton jiya." Sannu a hankali ta tsawaita, har da sunan Baffa Jimrau da ciwon ƙafarsa, har da ni, wai Allah ya rage mini baki. Na ce masa ta katanga wannan kam sai ya haɗa da azumi.

Da damina ta yi tsaka aka kira shi Korahane gyaran wani injin niƙa. Kwana huɗu ya yi. Saboda ya hana kowa taɓa littafin, yana cikin akwati a rufe. Ya dawo ya tarar gara ta gina hanya a ƙafar akwatin, ta shiga ta ci gefen takarda shida. Ban taɓa ganin Cindo cikin fushi irin na ranar ba, kuma da kansa yake fushin. Tun daga nan ko ƙauye zai je, gafaka tana rataye a ƙirjinsa, reza da tsinke a aljihu. Abokan aikinsa musulmi suka sa masa Malam Cindo. Wani dattijo mai facin taya a gefensa, in ya ga ya makara da hira da safe, yakan tambaye shi ko ya yi wuridinsa kuwa.

Ba kullum ne daɗi ba. Da ya shiga wurin jerin sunaye, wane ya haifi wane, sati guda yana ƙunƙuni, yana cewa ga inda ya kamata gara ta ci ta bari. Da ya kai Ayuba kuwa, abokansa uku da suka zo masa jaje suka ɓige da wa'azi sun ci zagi a gidan nan kamar maƙwabtansa ne. Amma ko sau ɗaya bai tsallake ba, kuma ko sau ɗaya fatar hannunsa ba ta taɓa takardar ba. Na yi masa magana, Hanatu ta yi, Fasto ya yi. Ya ce mu ƙyale shi, littafin mutum mai tsarki ne, shi kuwa ga hannunsa.

Ana cikin yankan gero ya shiga Zabura. Wata safiyar Talata ina wanke tukwane na ji ihu.

"Hanatu! Alheri! Ku zo, ku zo maza!"

Na zaci kunama ce. Ban bi ta ƙofa ba, na haura katanga zane a hannu. Na same shi durƙushe gaban turmi, yana nuna gefen takardar da ya ɓare yanzu da tsinke.

Da farko ban ga komai ba sai datti, kuma datti ai mun saba gani a littafin nan. Ya ce in duba da kyau. Ƙasar gara ja ce. Wannan fara ce fat, irin lakar da ake fitarwa daga can ƙasan rijiya in an kusa ruwa. Kuma ba yaɓe ba ne. Shaidar babban yatsa ce, da zanenta layi-layi, cikakkiya. A ƙarƙashinta akwai wata, a gefenta wata, wata kan wata har kusurwar takardar ta yi kauri, wasu fari wasu toka-toka, alamar ba rana ɗaya aka yi su ba. Tun ranar da Baffa Jimrau ya naɗe littafin nan, ba wanda ya buɗe wannan shafi.

Hanatu ta ce ya karanta wurin. Ya karanta. Waƙar wani mutum ce da yake gode wa Allah don ya ji kukansa, ya jawo shi daga rami mai laka, ya tsayar da shi a kan dutse.

"Daga rijiya shika hitowa shi buɗe," in ji Cindo. "Ku duba! Ko hannu bai wanke ba. Kullum hwa, kullum nan wurin!" Ya fashe da dariya, hawaye na zuba a gemunsa. "Shekara ashirin da ukku ina wanke hannu, ashe tsohon da laka shika karatu!"

Murna ta cika ni, na riƙe hannun Hanatu muna kuka muna dariya, ƙosai yana ƙonewa a kasko ba wanda ya kula.

Cindo ya dubi tsinken nan da ya yi wata biyar yana bauta masa, ya jefa shi bayan katanga, cikin gidana. Ya dubi babban yatsansa, baƙi kamar kullum. Ya ɗora shi a hankali kusa da farar shaidar, ya danna, ya ɗaga. Ya daɗe yana kallon biyun.

"Na baba ya hi nawa girma," ya ce.

Sannan ya lashi yatsa, ya koma farkon waƙar, ya sake karanta ta da ƙarfi.