Sunan da Maigida ya bar mini a waya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tankaɗen gero wayata ta yi ƙara. Na duba, sai ga sunan mijina, wanda ya daɗe a ƙasa. Na ɗauka. Abokin jikana ne daga Sakkwato, da wayar jikan nawa. Wai zazzaɓi, kwana biyu. Ya tahi.

Zazzaɓi kwana biyu, kuma ba wanda anka gaya wa a nan Wurno! Halinai ke nan.

Ga waɗanda ba su sani ba: sunan kakanai, mijin nawa, anka sa mishi. Ni kuwa tun da anka kai ni ɗakin Malam bakina bai taɓa kama sunan nan ba. Shi ya sa nike ce wa yaron Maigida, shi ko shina ce mini Amarya. Miji ke nan, ko zanen sallah sai na yi gori. Amma duk zuwa da goro a aljihu, fari, irin wanda haƙorana ka iyawa.

Aikinai rubutun kwamfuta, kod suke ce mishi. Akwai allon da suke rubutun a kai, edita. Shi kuma shina ƙara mishi wasu maɓallai: ka danna ɗaya, ya canza suna ko'ina lokaci guda, ka danna wani, ya kintsa rubutun da ya hargitse. Nic ce, to mi ya canza? Yac ce, "Ba komi, Amarya. Aikin na nan yadda shike, tsari ne kawai." Nic ce, wato shara kake yi, anka kai ka jami'a.

Ashe ni za a gwada wa sharar.

Zuwanai na ƙarshe, na ba shi waya ya duba mini abin da ya hana ta ƙara. Ina dama mishi fura, shi ko ya bi sunayen mutanena ya "gyara". Mai Albasa ta Goronyo ta koma Hajiya wance. Mai Tsegumi ta Rabah, ita ma Hajiya. Hajiya bakwai! Na kira in yi gulmar wata, sai ga ita kanta ta ɗauka. Inda na sa Maigida kuwa, ya goge, ya rubuta sunan yanka ƙuru-ƙuru.

Nic ce, kai, wa ya aike ka? Ka tambaye ni? Maido mini abuna!

Yac ce wai babu hanyar maidowa, sai dai ɗaya-ɗaya, kuma mota na jiranai. Nic ce, to aikinku na banza ne. Mai gyaran da ba shi tambaya, kuma ba shi iya maida abu inda ya ɗauko shi, ɓarna yake yi. Kada ka sake taka gidan nan sai ka zo gyara.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Na ji, Amarya. Sai na zo biko."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Da faɗa.

Abokin nan, kafin ya kashe waya, yac ce, Kaka, akwai abin da ya kamata ki sani. Wai aikin da ya ƙare kafin ya kwanta ciwo, sabon tsari ne ya ƙara wa allon nan: yanzu maɓallin ba shi taɓa komi sai ya nuna maka abin da zai canza, ka yarda, kuma akwai na maidowa. A takardar bayani ya rubuta, "Kakata ce ta sa."

Ka ji ɗan nema. Ya gyara wa mutanen duniya, ni ya bar ni da Hajiya bakwai.

Ƙanwatai ta ce in kawo wayar ta maida mini Maigida. Na hana. Hannunai ne ya rubuta.

Yanzu ga abin da ya dame ni. Ina son ku yi mishi addu'a da sunanai, kada ta tahi wurin maigidan wata. Ni kuwa ba ni faɗi. Na zauna tun hantsi ina juya abin, sai na ga ai rubutu da yatsa ba faɗi ba ne.

Usmanu.

To, ka ci, ja'iri. Ka sa ni.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya haɗa ka da mai sunan a Aljanna. Ni na yafe, har Hajiyoyin. Ku da kunka karanta, don Allah ku faɗi sunan da bakinku, ku sa su biyun a addu'a. Ni daga nan zan ce amin.