Ranar da Na Ƙirga Ledojin Gidan Wasu

Ƙarfe goma saura kwata na safiyar wata Litinin ne, yara sun dawo daga hutun tara ke nan. Waɗanda ke wurin su ne ni da 'yan matan aji biyu na ƙaramar sakandaren da nake koyarwa a Talata Mafara. Babu wani babba a ajin sai ni, don haka babu wanda zai ce mini kul. Abin da ya faru a wannan safiya ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina, ko da yake shekaru sun ja, kuma yaran duk sun zama manya.

Bari in fara daga farko, don ba na son labari a hargitse. Ni ba mai zurfin karatu ba ce. Takardar malanta ta farko kawai nake da ita, da ita kuma na yi aiki har na ajiye alli. A Bakura na tashi, a gidan da komai yake da lokacinsa da wurin ajiye shi, kuma haka na tafi da ajina. Ina koyar da kiwon lafiya da tattalin gida. Yara suna tsorona, na sani, kuma a lokacin ina ganin hakan abin yabo ne.

A shekarun nan ne abincin gaggawa ya cika mana gari. Da farko lemun roba ne da biskit a shagunan bakin makaranta. Daga baya sai taliyar leda, wadda ake dafawa cikin 'yan mintoci, ta shiga kowane lungu. Masu shayi suka mayar da ita rabin sana'arsu. Yaran da suka je hutu Gusau suka dawo da labarin shawarma da soyayyar kaza ta cikin kwali, suna ba sauran labari kamar sun dawo daga Makka. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ranar da na ji wata yarinya tana ce wa ƙawarta tuwon dawa abincin tsofaffi ne. A garin da shinkafa da dawa da tumatir suke fitowa a bayan gidajenmu!

Sai na tsara darasi mai hawa uku, mako uku. A makon farko na yi musu bayani. Na ce wannan abinci ba daga sama yake faɗowa ba, kamfanoni ne suke yin sa, kuma kamfani ba uwa ba ne, ciniki ya fito yi. Na nuna musu yadda ake cika gishiri da mai da zaƙi don harshe ya saba ya riƙa nema. Na nuna musu dalilin da ya sa ake zana yaro mai dariya a jikin leda, da dalilin da ya sa ake yin ƙananan ƙunshi daidai abin da ke hannun ɗan makaranta. Har yau ban janye ko kalma ɗaya daga wannan bayani ba. Gaskiya ne.

A mako na biyu na ce kowace yarinya ta tara duk ledar irin wannan abinci da aka buɗe a gidansu, daga Litinin zuwa Lahadi, kada ta yar da ko ɗaya. A mako na uku za a kawo, mu zube a kan teburina, mu gani da idonmu. Na yi alfahari da wannan dabara ƙwarai. Ko sau ɗaya ban tsaya na tuna cewa a wurinmu tukunyar gida sirri ce ba. Tun muna yara ake horonmu kada mu faɗi abin da aka ci a gida, ko an ɗora ko ba a ɗora ba. Ni da aka yi wa wannan horo da bulala, ni ce na ce a kwaso mini shi a zube a gaban jama'a.

To, a safiyar nan na fara kiran suna bi da bi, yadda yake a rajista. Wata ta kawo leda biyu, wata uku. Masu wayo, na gane daga baya, sun zubar da rabi a hanya. Ajin ya ɗauki raha.

"Malama, wannan ta yayana ce, wallahi ni miyar kuka na sha," in ji wata.

"Ƙarya take, Malama, ku dubi kumatunta!" wata ta amsa daga baya, aka kwashe da dariya.

Na buga tebur aka yi tsit. Sai na kira wata yarinya da ba ta fi wata biyu da shigowa ajin ba. Siririya ce, mai tsabta, ba ta da surutu, kuma duk abin da na ce a yi, daidai take yin sa, ba ragi ba ƙari. Abin da na sani game da ita kawai shi ne sun taso daga wani ƙauye ta wajen Maradun. Ta zo da baƙar leda a ƙulle, ta kwance. Ledojin taliya ne, ta wanke su, ta shanya, ta jera su ɗaya kan ɗaya kamar an yi musu guga. Na ƙirga da ƙarfi, ajin na taya ni. Da muka wuce ashirin sai aka fara ƙyalƙyala.

Na ɗaga su sama na ce, "Ku duba. Wannan shi ne gidan da kamfani ya gama da shi. Ke, ba a hura wuta a gidanku ne? Mahaifiyarki me take yi da hannuwanta?"

Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai, ta koma wurin zamanta. Kafin a tashi na ji an fara kiranta Hajiya Taliya. Na ji da kunnena, na kuma ƙyale, ina cewa a raina kunya ma magani ce.

Ranar Talata ba ta zo ba. Na ce ranar kasuwa ce, wataƙila an aike ta. Laraba ba ta zo ba, Alhamis ma haka. A tsarina, yarinyar da ta yi fashin kwana uku sai na taka har gidansu. Don haka ranar Juma'a da aka tashi na sa aka kwatanta mini gidan, na tafi, kuma da faɗa na tafi a bakina.

Ɗaki ɗaya ne aka ba su a wani gidan haya da ba a gama ginawa ba, can ƙarshen gari. Na yi sallama. Wata tsohuwa ta amsa, tana zaune a bakin ƙofa, ƙafarta ɗaya a miƙe ta kumbura. Kakar yarinyar ce. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida da aiki da gajiya, ba ta rage komai ba. Sai da ta gama tsaf sannan ta ce:

"Ke ta malamar da ka ƙirga ledoji?"

Na ce ni ce.

"To shigo ki ƙirga sauran kayan, ba su da yawa."

Na leƙa. Tabarma biyu, buhun tufafi, bokiti, tukunya ƙarama ɗaya, da ɗan kurfotin gawayi a lungu. Babu murhu, babu madafa, babu turmi. Yarinyar tana durƙushe tana fifita gawayin da bai fi cikin tafin hannu ba, ƙannenta uku sun kewaye ta da kwanoni. Da ta gan ni sai ta juya mini baya.

Tsohuwar ta yi mini bayani ba tare da ta ɗaga murya ba. Rashin kwanciyar hankali ne ya taso su, suka bar rumbu da turmi da duwatsun murhu a can. Mahaifin yaran ya rasu tun kafin haka. Uwarsu tana fita tun sassafe aikin ƙwadago a gonakin shinkafa na rani, ba ta dawowa sai yamma. Itace kuwa, wa zai shiga daji yanzu ya yo? Mai gidan ma ya hana hura wutar itace kusa da sabon gininsa. Ɗan gawayin da suke samu ba zai dafa wake ba, balle ya tuƙa tuwo. Taliya ce kaɗai ke nuna kafin ya mutu.

"Wagga ɗiya ita ka dafa musu kafin ta tafi wurinku, ita ka dafa in ta dawo," in ji ta. "Kin ce a kawo duka, ta kai duka. Na ce mata ta rage, ta ce Malama ba ta son ƙarya. Kin ga abin da gaskiya ta saya mata."

Da ƙyar na ce, "Inna, ban sani ba."

"Kin tambaya?"

Ban tambaya ba. Na tsara hawa uku, ban bar wa tambaya wuri ko a ɗaya ba.

Na ce na yi kuskure, a yi haƙuri, yarinya ta dawo makaranta ranar Litinin. Tsohuwar ta yi 'yar dariya, ta ce, "Nan ɗakin kika zubar mata da mutunci? Inda aka zubar da abu, can a ka kwashe shi. Ta ce ta gama boko, ni kuwa ba ni tilasta ta. In kina son ta, kin san inda za ki yi magana."

Na fahimce ta sarai. Ban taɓa ba ɗalibi haƙuri ba tunda na fara aiki, balle a gaban aji. Asabar da Lahadi na yi ina juya abin. Wata zuciya ta ce idan na yi haka yara za su raina ni har abada. Wata ta ce idan ban yi ba, yarinya mai ƙoƙari za ta bar karatu saboda bakina, kuma ranar gobe ni za a tambaya. Na kai wa yayata ta Bakura maganar a waya, ta ce, "Ke dai tun kina ƙarama gara a doke ki da a ce ki ce yi haƙuri. To yanzu ga ranarta."

Ranar Litinin da safe na biya gidansu, na roƙi yarinyar ta zo ko na awa ɗaya, in ta ga dama ta koma. Ta biyo ni, tana tafiya nesa da ni. Da muka shiga aji na tsaya a gaban allo na ce musu makon jiya na yi laifi uku. Na sa an tona asirin gidaje. Na yanke hukunci ban yi tambaya ba. Na ji ana yi wa 'yar'uwarsu suna na yi shiru. Ban faɗi halin da gidansu yake ciki ba, don wannan ba nawa ba ne in faɗa. Na juya wurinta na ce, "Ɗiyata, ki yafe mini." Sai ta ce, a hankali, "Allah Ya yafe mana." Ba ta koma gida ba. Ta zauna har aka tashi, washegari ma ta zo.

Ban jefar da darasin ba, sake masa tsari na yi. Na sayo leda ɗaya da kaina, ita muka riƙa juyawa muna karanta abin da ke bayanta. Na ƙara abin da tsohuwa ta koya mini, cewa ba daɗin baki kaɗai kamfani yake sayarwa ba, har da lokaci da wuta, kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Na tambaye su wane abinci namu ne ba ya cin wuta da yawa. Suka kawo kwaɗon zogale, da ɗanwake, da fura. Yarinyar nan ce ta ɗaga hannu, karo na farko, ta ce hoce, gasasshen ƙullun dawar nan. Ta ce kakarta ta iya, ana gasa shi sau ɗaya ya kwana biyu bai lalace ba, a marmashe shi da ƙuli-ƙuli da rama, an ci ke nan.

Daga nan uwarta ta riƙa zuwa gidana ranar Juma'a da yamma tana gasa musu a murhuna. Ba zan ce sun bar taliya ba, ba su bari ba. Ba kuma zan ce yarinyar ta saki jiki da ni ba. Har ta gama makarantar tana gaishe ni cikin ladabi, amma ba ta sake yi mini irin biyayyar nan ta ido rufe ba. Wannan ita ce asarata, kuma na cancance ta. Amma ta gama karatunta, alhamdu lillahi.

Abin da na koya shi ne, wajibi ne mu sanar da yaranmu wane ne ke yin wannan abinci da abin da yake nema a wurinsu. Amma wanda ake tuhuma shi ne mai dabarar sayarwa, ba yaron da yunwa ta kai shi ba. Don haka ina roƙonka, kai malami, ke malama, ku iyaye, ku koyar da wannan darasi, kada ku fasa. Sai dai kafin ka nuna wa yaro yatsa a kan abin da ke cikin kwanonsa, ka ja shi gefe, ka rage murya, ka tambaye shi wa ya dafa, kuma da wace wuta.