Shekarar da Umma Ta Bar Kuloli a Gida

Ƙamshin ƙullun fulawa a tafasasshen mai ne ya tsayar da ni shekaranjiya a bakin titi a Manchester, ina dawowa daga aiki, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Kafin in ankara na koma bakin teku, ina 'yar firamare, riƙe da gefen hijabin Umma.

A unguwar Small Heath da ke wani birni daban na taso, cikin gidajen nan da ke manne da juna, waɗanda in maƙwabci ya yi tari sai ka ce masa sannu. Duk dogon hutu Abba kan kwashe mu a tsohuwar motarsa zuwa wani garin bakin teku a Wales, mu yini mu dawo. Shi hutu yake kiransa. Umma kuwa tun jajiberi take tsaye a kicin, ga dafa-duka, ga soyayyiyar kaza, ga zoɓo, ta jera a kuloli. A can ita ce mai zubawa a bayan mota, iska na watsa mana yashi a shinkafa. Mu dawo ita ce mai wanke-wanke, washegari ta wuce aikinta a gidan tsofaffi.

Kada ka ɗauka rowa ce ta hana Abba kai mu gidan abinci. Tsantseni ne. Mutum ne da ko alewa ba ya saya sai ya sa tabarau ya karanta bayan ledar, kada a ce akwai abin alade a ciki.

Wata shekara muka isa, ya buɗe bayan mota, ya tarar da tabarma da buta kawai.

"Hajiya, ina kulolin?"

"Suna gida, Alhaji. Yau ni ma holiday na zo. So nake in zauna a kawo mini."

Ba ta ɗaga murya ba. Ya rufe motar muka kama hanya.

Ban taɓa gajiya irin ta ranar ba. Titin gaɓar tekun cike yake da masu kifi da dankali, ƙamshi na bugun hanci, amma ko'ina sai Abba ya shiga da tambayarsa. Nan a kitsen shanu suke suya, bai san wanda ya yanka ba. A shagon gaba, da giya suke kwaɓa ƙullun kifin. Can kuma mai ɗaya ne da na tsiran alade. Mu muna waje, ruwa na yayyafi, tsuntsayen teku na ihu a kanmu, ƙanena na kukan yunwa. Har la'asar ta kawo jiki ba mu sa komai a baki ba.

Daga ƙarshe Abba ya ce bari ya shiga kanti ya sayo burodi da kifin gwangwani, Umma ta haɗa mana. Sai ta nemi benci a jiƙe ta zauna.

"In na riƙe wuƙa yau, ai na yi girki," in ji ta.

Ya daɗe yana kallonta. Ina jin ranar ya fara lura da yadda ƙafafunta suka kumbura. Ya ce mu ƙara gaba kaɗan.

A ƙarshen titin muka sami wani ɗan shago mai 'yan tebura, wata tsohuwar Baturiya na suyar donot, fanken nan nasu mai rami a tsakiya. Da man gyaɗa take yi, sai da ta ɗago wa Abba galan ɗin ya gani da idonsa. Shayi da donot da askirim, shi ne abincin ranarmu. Umma ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya, aka kawo aka ajiye a gabanta. A hankali take ci, sukari ya manne mata a leɓe, tana kallon ruwa ta taga. Da muka gama, hannunta ya tafi da kansa zai tattara faranti. Abba ya ce a hankali, "Bari, za su kwashe." Ta mayar da hannun cinyarta.

Da shekara ta zagayo kuloli suka dawo bayan mota, ba wanda ya tayar da maganar.

Yanzu gidajen abinci na halal sun cika ko'ina, a nan Manchester titi guda ne sukutum. Abba ya rasu. Ina da halin kai Umma duk inda take so, amma likita ya raba ta da sukari, gwiwoyi sun raba ta da yawo, in an zuba mata loma biyu ta ce ta ƙoshi. Abin yana ci mini rai.

Shekaranjiyan nan na sayi donot ɗaya, na kira ta a waya, na tambaye ta ko tana tuna na bakin teku.

"Ɗanɗanon kam na manta," ta ce. "Zaman dai na tuna."

Na cinye nawa a tsaye, don yara na gida suna jira in ɗora tukunya.