Ranar da na daka turmi babu hatsi

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura. Haka muka zama a Sabon Layi bayan shekarar da muka bar Mubi da ƙafa, muka ɓuya a duwatsu, muka dawo muka tarar da ƙofofinmu a ɓalle. Jiki ya dawo gida, zuciya ba ta dawo ba. Tayar mota ta fashe, gudu. Iska ta yaye kwanon rufi, gudu. Magana guda ce take kwashe unguwa: "Sun shigo." Ba mai tsayawa ya tambaya su wa.

A irin wannan gudun matar ɗana ta yi ɓari. Ciki ya riga ya fito, aka ce sun shigo, ta zo tsallake kwata ta faɗi a kansa. Kafin la'asar aka gane janareto ne ya yi ƙara a bakin titi. Ni na wanke ta. Ba ta yi kuka ba, bango kawai take kallo.

Da Allah Ya sake ba ta wani cikin, sai barci ya ƙaurace mini. Maza sun yi taro a ƙofar mai unguwa, sun tashi a kan a kai kuka sama. Ni kuwa na san kafin kukan ya isa sama, ciki ya isa haihuwa.

Ina da maƙwabciya, 'yar Borno, mai sayar da turaren wuta. Ni Bafulatana ce, ita Babarbariya, don haka ba ma gaisawa sai da tsiya. Ita na fara faɗa wa abin da ke raina, muna tsince wake a tsakar gidana.

Na ce, "Baiwata, kin lura tsoro yana da murya, lafiya ba ta da ita? Mai cewa sun shigo kowa na jin sa. Wanda ya ga ba komai, wa zai ji shi?"

Ta ce, "Ga waya a hannun kowa, uwar iyayi."

"Wayar ce ke kawo ƙaryar. Kuma wa kika ga ya ɗaga waya yana gudu?"

Sai na nuna mata turmina. Na ce garin da aka shiga ba a daka a cikinsa. Duk wadda ta je ta gani da idonta cewa lafiya ce, ta dawo ta daka turmi babu hatsi, don amonsa daban yake da na surfe, ya fi kai wa nesa. Wadda ta ji ta amsa da nata, ta gaba ma ta amsa. Turmi ba ya jin Fulatanci, ba ya jin Gude ko Barbarci, amma kowa na jin sa.

Ta ajiye faifan. Wasa ya bar fuskarta. Ta ce, "In kika daka alhali da gaske sun shigo fa? Jinin unguwa a wuyanki."

Wannan maganar ta daɗe tana cin raina. Ga shi kuma uwata ta hana ni dakan turmi ba komai, ta ce kiran yunwa ne. Duk da haka muka bi gida gida muka gaya wa mata, da sharaɗi guda: ba a fara daka da ji, sai da gani. Wasu suka yarda, wasu suka yi dariya. Mai unguwa ya ce, "To, Inna, Allah Ya sa kada mu ga ranar gwadawa."

Ranar ta zo, ranar kasuwar shanu, da hantsi. Ɗana ya tafi gona a garin Muchalla. Matarsa tana ɗaki a kan gwiwa, naƙuda ta kankama, ina riƙe da kafaɗunta. Sai muka ji ƙara daga wajen titi, kamar ana dukan ƙarfe, sannan ƙafafu, sannan maganar nan.

Ta dafa bango za ta miƙe. Ta ce, "Inna, ki ɗaga ni. Kada ki bar ni a nan."

Na ce, "'Yata, in kika yi gudu yau, kin san abin da zai faru. Ki ba ni lokacin da zan je bakin titi in dawo."

"In ba ki dawo ba fa?"

Na ɗaura gyalena a ƙugu na fita.

Kowa yamma yake yi, ni kaɗai nake gabas. Wata ta bangaje ni da ƙullin kaya, wani ya ja hannuna ya ce, "Kaka, baya ake yi," na fizge. Takalma a zube, tukunyar mai ƙosai a kife. Ina tafe, bakina yana ambaton Allah.

Da na isa bakin titi sai na ga bijimai. Sun ƙwace wajen lodi, sun bazu, wani baƙi yana jan igiya yana dukan ƙofofin shaguna da ƙaho. Masu kamu suna biye da su. Na tare guda na ce, "Ɗan nan, shanu ne kawai?"

Ya ce, "Shanu kawai, Kaka. Kauce, wannan ba ya girmama tsofaffi."

Ban yarda da bakinsa ba. Na dubi titi ta nan, na dube shi ta can. Ba hayaƙi. Ba baƙuwar fuska. Wani mai rake ma yana bisa katanga yana dariya. Sai na juya.

Na tarar ta rarrafo har bakin ƙofar ɗaki, zufa ta jiƙa ta, tana jan zanen goyo. Na jawo turmi tsakar gida, na nemi gafarar uwata a zuci, na ɗaga taɓarya.

Na daka. Na daka. Amon yana tafiya yana dawowa shi kaɗai. Ba wadda ta amsa. Ƙafafu suna ta wucewa a bayan katanga, yarinyar tana kallon zaure. Hannuwana suka fara mutuwa, na ce a raina tsohuwa ta yi wauta.

Can sai na ji amon wani turmi, nesa kaɗan, a karkace, ba ya bin nawa. Duk unguwar mutum ɗaya ce take daka haka. Sai wani ya ɗauka a bayan masallaci, sai wani wajen famfo, har lugude ya cika Sabon Layi kamar jajiberin salla. Ƙafafun suka rage sauri. Na ji wani namiji yana cewa, "Ku tsaya, matan suna daka."

Matar ɗana ta saki zanen. Na mayar da ita ɗaki.

Bayan azahar ta sauka, mace. Maƙwabciyata ta shigo da kasko yana hayaƙi, ɗankwalinta cike da ƙaiƙayi. Ashe ta yi nisa da gudu lokacin da ta ji dakana, ta faɗa gidan mutane ta ari turminsu.

Na ce, "Har yanzu ba ki iya daka ba."

Ta ce, "Ke kuma kin tsaga turminki, Bafulatanar banza. Miƙo mini kishiyata in gani."